Jimillar da ta ƙi bin layukanta: nazarin rahoton cinikin watan baya a wani kamfanin rarraba kaya

## Yadda abubuwa suke kafin Janairun 2024

Kamfanin na rarraba kayan masarufi ne a Kano: sukari, fulawa, taliya da man girki. Mafi yawan cinikinsa sari ne ga diloli, wasu a Kasuwar Singa, wasu a garuruwan kusa, sai ɗan abin da ake sayarwa ɗai-ɗai a bakin sito. Shekara da shekaru a Excel ake haɗa rahoton wata. Akanta ya rufe littafi, ya jera alƙaluma, ya buga a takarda ya kai wa Alhaji mai kamfanin.

A Janairun 2024 aka ɗauki wata matashiya da ta iya Power BI, manhajar rahoton kasuwanci da Microsoft ta fitar a 2015, aka ce ta mayar da rahoton can. Lissafin cikin manhajar ana rubuta shi ne da DAX, harshen da ya fara fitowa a PowerPivot na Excel 2010. Ta gina tebur uku. Rasit yana ɗauke da kowane ciniki da kuɗinsa da ranarsa da irinsa, sari ko ɗai-ɗai. Dila yana ɗauke da sunayen masu saye da lambobinsu. Kalanda kuma jerin ranaku ne babu tsallake, daga farkon 2023 zuwa ƙarshen 2024, an yi masa alama a matsayin teburin kwanan wata. Ba a loda bayanan wata sai akanta ya rufe littafinsa.

Abin da Alhaji ya nema bai yi kama da mai wahala ba. Yana son ya ga sarin kowane wata kusa da sarin watan da ya gabace shi, ban da cinikin ɗai-ɗai, da jimilla a ƙasa. Akwai kuma buƙata ta biyu da ya ambata a gurguje, ba a waiwaye ta ba sai daga baya: irin wannan kwatanci dila bayan dila, amma ga waɗanda suka saya a watannin biyu kaɗai. A kan wannan adadi ake yanke kamashon masu fita kasuwa. Ka'idar kamfanin ita ce, idan cinikin tsayayyun diloli ya ragu da fiye da kashi 5 cikin ɗari, babu ƙarin kamasho a wannan watan.

An dunƙule alƙaluman nan zuwa cikakkun miliyoyin naira, dilolin kuma zuwa biyar, don mai karatu ya iya bi da biro. Sarin Disambar 2023 miliyan 52 ne, Janairu 40, Fabrairu 46, Maris 61, Afrilu 55.

## Fabrairu: ginshiƙi babu komai a cikinsa

Matsalar farko ba ta jima ba. Da aka haɗa Rasit da Kalanda, sai duk cinikin ya taru a layi ɗaya marar suna. Ranar da ke kan rasit tana tafe da sa'a da minti, ta Kalanda kuwa rana ce zalla, don haka ba su haɗu ba. Canja yadda ranar take bayyana a allo bai taɓa komai ba, domin sa'ar tana nan a ƙasa. Sai da aka yanke ta tun daga Power Query, sashen manhajar da ake gyara bayanai a cikinsa kafin a loda su.

Ta biyun ta fi ɗaure kai. Ga abin da matashiyar ta rubuta don watan baya, inda [Ciniki] yake ma'auni ne, wato lissafin da aka adana da suna, mai tara kuɗin rasit:

```
CALCULATE ( [Ciniki],
    FILTER ( Rasit, Rasit[Iri] = "Sari" ),
    PREVIOUSMONTH ( Kalanda[Rana] ) )
```

Ginshiƙin ya fito wayam daga sama har ƙasa. Dalili kuwa, FILTER da aka ɗora a kan teburin Rasit gaba ɗaya yana kallon rasit ɗin da ke gabansa ne a wannan layin. A layin Fabrairu, rasit ɗin Fabrairu kaɗai ya tsinto, da ranakunsu a jikinsu. PREVIOUSMONTH kuma ya kawo ranakun Janairu. CALCULATE yana neman abin da ya cika sharuɗɗan biyu a lokaci guda, kuma babu rasit ɗin da ke Fabrairu yana Janairu.

Gyaran shi ne a tace ginshiƙi ɗaya maimakon tebur:

```
Sari = CALCULATE ( [Ciniki], KEEPFILTERS ( Rasit[Iri] = "Sari" ) )
Sari Watan Baya = CALCULATE ( [Sari], PREVIOUSMONTH ( Kalanda[Rana] ) )
```

KEEPFILTERS ba ado ba ne a nan. In babu shi, mai duba rahoto zai iya latsa ɗai-ɗai a akwatin zaɓi amma ma'aunin ya ci gaba da nuna masa kuɗin sari, saboda sharaɗin cikin CALCULATE yana ture zaɓin da aka yi a kan ginshiƙi ɗaya. Da shi, gurbin ya kan fito fanko, wanda shi ne gaskiya.

Rahoton Janairu da na Fabrairu sun fita wata ɗaya-ɗaya, kuma sun dace da littafin akanta.

## Makon farko na Afrilu: 52 a inda ake jiran 138

Bayan an rufe Maris, aka haɗa rahoton watanni uku na farkon shekara. Layukan sun fito daidai. Janairu 40, watan bayansa 52. Fabrairu 46, watan bayansa 40. Maris 61, watan bayansa 46. Jimillar ginshiƙin farko 147, babu gardama. Jimillar na biyu kuwa 52 ta nuna, ga kuma adadin ƙaruwa a gefe yana cewa kashi 183 cikin ɗari.

Akantan ne ya fara tsayawa a kai. Ya tara 52 da 40 da 46 a kalkuletarsa ya sami 138, wato ƙaruwar kashi 6.5 ke nan kacal. Ya ce wa matashiyar, cikin raha, manhajar tata ba ta iya tarawa ba.

Manhajar dama ba tarawa take yi ba, kuma wannan ne tushen duk abin da ya biyo baya. A Excel, jimilla tana kallon gurbin da ke samanta ta haɗa su. A Power BI, layin jimilla ba ya ganin layukan da ke samansa ko kaɗan. Yana sake gudanar da ma'aunin ne daga farko, an cire masa tacewar wata ɗaya, an bar masa duk abin da aka zaɓa. Kamar akawun da aka ce ya faɗi jimillar littafi ne, maimakon ya tara shafuka sai ya koma sito ya sake ƙirga kaya da kansa. In tambayar tarawa ce zalla, amsarsa za ta zo ɗaya da ta shafukan. In akwai sharaɗi a cikinta, za ta iya bambanta.

PREVIOUSMONTH yana duba rana ta farko a cikin ranakun da aka ba shi, ya dawo da dukan watan da ke bayanta. A layin Maris, rana ta farko 1 ga Maris ce, sai ya kawo Fabrairu. A layin jimilla, rana ta farko 1 ga Janairu ce, sai ya kawo Disambar 2023, wata ɗaya tak. Daga nan 52 ta fito.

Aka musanya shi da DATEADD:

```
Sari Watan Baya = CALCULATE ( [Sari], DATEADD ( Kalanda[Rana], -1, MONTH ) )
```

DATEADD yana ja da dukan ranakun baya da wata ɗaya. Janairu zuwa Maris suka koma Disamba zuwa Fabrairu, jimilla ta zama 138. Akantan ya ƙara gwada abu ɗaya, saboda Fabrairun 2024 kwana 29 ne: ko layin Fabrairu ya kwaso cinikin 30 da 31 ga Janairu? Ya kwaso. In an zaɓi wata cikakke, cikakken wata ake samu a baya. Aka rufe maganar.

## Farkon Mayu: jimillar ta sake kufcewa

Da aka loda Afrilu, Alhaji ya ce a buɗe masa shekarar 2024 baki ɗaya. Sai ga layin Mayu ya fito, babu ciniki a cikinsa amma watan bayansa na nuna 55. Kalanda ta kai har Disamba, kuma a wurin DATEADD Mayu wata ne kamar kowane, yana da na baya. Matashiyar ta ɓoye shi da sharaɗi:

```
Baya Na Layi = IF ( NOT ISBLANK ( [Sari] ), [Sari Watan Baya] )
```

Layin Mayu ya ɓace. Layuka huɗu suka rage, 52, 40, 46 da 61, waɗanda suka kama 199. Ƙasan teburin kuwa 254 ya rubuta. Sarin watannin huɗu 202 ne, don haka rahoton ya nuna faɗuwar kashi 20.5, alhali abin da ke akwai ƙaruwar kashi 1.5 ce.

Tazarar 55 ce, daidai sarin Afrilu. A layin jimilla, sharaɗin ya tambaya ko shekarar 2024 tana da ciniki, aka ce tana da shi, sai ya wuce. DATEADD ya ja shekarar gaba ɗaya baya, daga 1 ga Disambar 2023 zuwa 30 ga Nuwambar 2024, Afrilu na ciki. Layin Mayu an ɓoye shi daga ido ne kawai, kuɗinsa na nan cikin jimilla.

Wannan kuskuren ya fi na farko haɗari. Kashi 183 ko yaro ya gani ya san da walakin. Faɗuwar kashi 20 bayan sallah kuwa abu ne da ɗan kasuwa zai iya yarda da shi ba tare da ya ɗaga kalkuleta ba.

An gwada hanyoyi biyu na kauce wa matsalar. Ta farko, a kashe jimillar, ko a sa HASONEVALUE ya bar gurbin fanko duk lokacin da aka wuce wata ɗaya. Alhaji bai karɓa ba, ya ce ƙasan takarda yake fara dubawa. Ta biyu, a kwashe teburin zuwa Excel a tara a can. Wannan ya yi aiki mako ɗaya, sai aka wayi gari da adadi biyu suna yawo a ofis, manajan kasuwa na riƙe da na allo, akanta na riƙe da na takarda.

Abin da ya yi aiki shi ne tilasta wa ma'aunin ya bi watanni ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tara:

```
Baya Jimilla = SUMX ( VALUES ( Kalanda[ShekaraWata] ), [Baya Na Layi] )
```

VALUES yana kawo jerin watannin da ke cikin zaɓi. SUMX ya tsaya a kan kowanne, ya kira ma'aunin kamar yana layin wannan watan, ya riƙe amsar. Mayu zuwa Disamba suka faɗi sharaɗin, kowanne da kansa, huɗu suka rage, jimilla ta zama 199. Ginshiƙin da aka bi mai haɗa shekara da wata ne, irin 2024-03. Da sunan wata kaɗai aka bi, ranar da wani ya zaɓi shekara biyu Janairun 2023 da na 2024 za su narke su zama ɗaya.

## Tsakiyar Mayu: teburin diloli da kuɗin kamasho

Yanzu aka zo kan buƙata ta biyu. Ga sarin Maris da na Afrilu, dila bayan dila. Na farko 20 da 18. Na biyu 15 da 17. Na uku ya sari na 14 a Maris, bai dawo a Afrilu ba. Na huɗu 12 da 11. Na biyar sabo ne, babu komai a Maris, 9 a Afrilu.

Sharaɗin saye a watannin biyu ya bar layuka uku: na farko, na biyu da na huɗu. Da hannu, Maris ɗinsu 47 ne, Afrilu 46, raguwar kashi 2.1. Jimillar allo ta ce 61 da 55, raguwar kashi 9.8. Adadi na farko yana ba masu fita kasuwa kamashonsu, na biyu yana hana su. Takardar biyan kuɗi ta riga ta kai teburin akanta da adadi na biyu, ya dakatar da ita.

Cutar ɗaya ce da ta baya, wurin da ta ɓulla ne ya canja. Ma'aunin yana bin watanni, amma ba ya bin diloli. A layin jimilla tambayar ta koma: shin kamfanin ya yi sari a Afrilu, ya kuma yi a Maris? Ya yi mana. Sai dila na uku da na biyar suka shige ciki.

Gyaran farko da ya zo wa matashiyar shi ne ta mayar da SUMX kan lambobin diloli. Ga Afrilu shi kaɗai ya ba da 47 da 46, daidai. Akantan ya ce ta zaɓi Janairu zuwa Afrilu a gani. Nan ya sake karyewa. Yanzu ana auna kowane dila ne a kan watanni huɗu a dunƙule, kuma dila na uku ya saya a cikinsu, don haka ya ci sharaɗin, 14 ɗinsa na Maris ta shiga a matsayin watan bayan Afrilun da bai sayi ko katan ɗaya ba.

A nan ne aka tsaya aka yi tambayar da ba a yi ba tun Janairu: a kan me ake yanke hukuncin cewa dila tsayayye ne? Aka koma wurin Alhaji. Amsarsa gajeriya ce, kowane dila a kowane wata. Wanda ya saya a Fabrairu da Maris tsayayye ne a Maris, in ya tsallake Afrilu ya fita a Afrilu.

## Ƙarshen Mayu zuwa Yuni: abin da ya tsaya

Ma'aunin ƙarshe ya bi dila da wata tare:

```
Baya Tsayayyu =
SUMX (
    SUMMARIZE ( Rasit, Dila[Lamba], Kalanda[ShekaraWata] ),
    VAR Yanzu = [Sari]
    VAR Baya = [Sari Watan Baya]
    RETURN IF ( Yanzu > 0 && Baya > 0, Baya )
)
```

SUMMARIZE yana fitar da kowane haɗin dila da wata da yake da rasit a zahiri, ba kowane haɗin da zai iya yiwuwa ba, abin da ya rage wa manhajar aiki. Ya kuma kashe matsalar watannin gaba a hanya, tunda babu rasit a cikinsu. An bi lambar dila maimakon suna, domin a kasuwar Kano ba abin mamaki ba ne a sami diloli biyu masu suna ɗaya. VAR ɗin biyu kuma, masu riƙe adadin Yanzu da na Baya, a cikin SUMX suke. Da an ajiye su a waje, sau ɗaya za a lissafa su a kan jimilla, a yi ta maimaita adadi ɗaya a kowane layi.

An rubuta tagwayensa, Yanzu Tsayayyu, mai dawo da Yanzu a kan sharaɗi ɗaya. Adadin ƙaruwa ko raguwa kuwa ba a bi da shi ta SUMX ba. An raba bambancin jimilla biyun da jimillar baya ta hanyar DIVIDE, domin kashi cikin ɗari ba a tara su.

Akantan ya gina nasa teburin a Excel daga rasit ɗin asali, ba tare da ya kalli allo ba. Suka gwada wata ɗaya, wata huɗu, shekara guda, dila ɗaya, da kuma zaɓin ɗai-ɗai. Duka sun dace. An ƙara layuka biyu a ƙasan rahoton, ɗaya na waɗanda ba su dawo ba, ɗaya na sababbi. Ga Afrilu, 61 a cire 14 ya bar 47, 55 a cire 9 ya bar 46. Duk wanda ya ga adadin tsayayyu ya yi ƙasa da na kamfani yana iya ganin inda sauran suka tafi. An biya kamashon Afrilu tare da na Mayu. Rahoton Mayu ya fita a makon farko na Yuni, babu wanda ya sake kwashe shi zuwa Excel.

## Hukunci

A duk adadin da manhajar ta bayar, 52 da 254 da 61, babu na ƙarya. Kowanne amsa ce daidai ga tambayar da aka yi a wannan gurbin, sai dai ba ita ce tambayar da Alhaji yake nufi ba. Canja PREVIOUSMONTH zuwa DATEADD a Afrilu ya sa adadi ya dace ne saboda babu sharaɗi a ciki tukuna, kuma watannin da aka zaɓa duk suna da ciniki. Shi ya sa ya yi kama da magani har tsawon wata guda. Bayan an fara bin watanni ɗaya-ɗaya ma, da an koma PREVIOUSMONTH jimillar za ta fito daidai, tunda wata ɗaya yake gani a kowane zagaye.

Abin da ya fi jawo jinkiri ba rashin sanin DAX ba ne. Buƙata ta biyu an karɓe ta a baki, ba a tambayi matakin da sharaɗinta zai yi aiki ba, kuma duk gwajin da aka yi kafin Afrilu na wata ɗaya ne, inda layi da jimilla suke abu guda. A ganina akantan ya fi kowa rabon yabo, ba don ya san manhajar ba, sai don ya ƙi yarda da adadin da ba zai iya fitarwa da hannunsa ba.

Akwai abin lura ta ɗaya ɓangaren. Wanda ya ɗanɗana SUMX ya kan so ya naɗe kowane ma'auni da shi, kuma wannan ma kuskure ne. Yawan dilolin da suka saya, alal misali, bai kamata ya taru ba. Dilan da ya zo a watanni huɗu mutum ɗaya ne, kuma jimillar da ta ƙi bin layukanta a wannan ginshiƙin ita ce daidai.

Saura abin da gyaran lissafi bai taɓa ba. An ɗauki azumin 2024 a Najeriya ranar 11 ga Maris, aka yi sallah 10 ga Afrilu, don haka sarin sukari da man girki na Maris ba ma'aunin wata na yau da kullum ba ne, kuma dila na uku mai yiwuwa kayan azumi ya kwasa a lokaci guda. Ga kuma tsadar kaya: Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sa hauhawar farashin Maris 2024 a kashi 33.2 cikin ɗari. Raguwar kashi 2.1 a naira tana iya zama raguwa mafi girma a buhu da katan. Kamfanin ya ƙara ginshiƙin yawan kaya a rahoton Yuni, amma ka'idar kamasho har lokacin a kan naira take.